Babi na Bakwai: Shin Dabbar Gida Tana Jin Maganarmu?

A shekarar 1904 babu dabbar da ta kai wani doki mai suna Hans yin suna a ƙasar Jamus. Mai shi, Wilhelm von Osten, tsohon malamin makaranta ne a birnin Barlin, kuma ya haƙiƙance cewa dokinsa ya iya lissafi, ya san ranakun mako, yana kuma jin Jamusanci sarai. Idan aka tambayi dokin uku da huɗu nawa ne, sai ya bugi ƙasa da kofato sau bakwai, ya tsaya. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Aka naɗa kwamitin mutum 13, ciki har da likitan dabbobi da shugaban gidan namun daji na birnin, suka bincika, suka ce ba su ga wani maguɗi ba.

Sai wani matashin masani, Oskar Pfungst, ya bi abin a sannu. Ya sa a riƙa yi wa dokin tambayar da shi kansa mai tambayar bai san amsarta ba. Wani lokacin kuma ya sa a kare idon dokin don kada ya ga wanda ke gabansa. Nan take ilimin Hans ya zube. Idan mai tambaya ya san amsa, dokin kan dace sau 89 cikin 100. Idan bai sani ba, sau 6 kacal. Ashe mai tambaya kan ɗan sunkuyar da kai yana kallon kofaton, jikinsa a ɗaure, da zarar bugu ya kai adadin da ake nema sai ya ɗan saki jiki ya ɗago kai, bai ma san ya yi ba. Wannan ɗan motsin dokin yake jira. Labarin zuciya, in ji Bahaushe, a tambayi fuska, kuma Hans ya ƙware wajen tambayar fuska fiye da malaman da suka zo gwada shi.

Pfungst ya buga bayaninsa a 1907, kuma tun daga ranar ya zama ƙa'ida: duk mai cewa dabba tana jin magana, sai ya raba maganar da fuskar mai yin ta, da hannunsa, da idonsa, sannan a ga abin da ya rage. A wannan babin za mu bi abin da ya rage ɗin ga kare, da kyanwa, da aku.

Karen da ya san suna 1,022

Shekara 100 cif bayan tashen Hans, a dai wannan ƙasa ta Jamus, aka sake samun dabbar da masu ita ke cewa tana jin magana. Wannan karon kare ne mai suna Rico, daga irin karnukan kiwon tumakin nan na Birtaniya da ake kira Border Collie. Masu shi suka ce ya san sunayen kayan wasansa sama da 200. Juliane Kaminski da abokan aikinta na Cibiyar Max Planck da ke Leipzig suka gwada shi ta hanyar da ta toshe ƙofar da Hans ya bi. Ana zuba kayan a wani ɗaki, mai karen yana zaune a wani ɗakin dabam inda ba ya ganin su, sai ya ambaci suna, kare ya tafi shi kaɗai ya ɗauko. Cikin aike 40, Rico ya kawo abin da aka ce sau 37.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne gwaji na biyu. Aka sa baƙon abu guda cikin kayan da ya sani, aka kira wani suna da bai taɓa ji ba. Sau 7 cikin 10 ya ɗauko baƙon, kamar mai cewa: tunda na san sunan kowanne a nan ban da wannan, to sabon sunan nasa ne. Yara ƙanana ma da irin wannan dabarar suke ƙara yawan kalmominsu.

Labarin Rico ya zaburar da wani farfesa mai ritaya a Amurka, John Pilley na Kwalejin Wofford da ke Karolina ta Kudu. Ya samo 'yar kwikwiya daga irin su Rico, ya sa mata suna Chaser, ya duƙufa koyar da ita awa 4 zuwa 5 kullum har shekara 3. A ƙarshe ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022, yawan da shi kansa Pilley sai da ya riƙa rubuta sunan a jikin kowane abu don kada ya rikice. Ta kuma iya haɗa umarni da suna: a ce ta ɗauko abu kaza, ko ta taɓa shi da hanci, ko da dagi, ta yi daidai ko da ba ta taɓa jin wannan haɗin ba. An buga sakamakon a 2011.

Sai dai kada mai karatu ya dubi karen gidansu ya ce duk ɗaya ne. Claudia Fugazza da tawagarta a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, babban birnin Hangari, sun ɗebi karnukan gida na gama-gari suka yi wata 3 ana koya musu sunayen kayan wasa biyu tak. Mafi yawansu sun kasa. 'Yan tsirarun da ke da baiwar kuwa sukan kama sabon suna bayan sun ji shi sau kaɗan. Su Rico da Chaser haziƙai ne da ba a cika samun irinsu ba, ko a cikin danginsu. Abin da kowane kare ke koya ba wuya shi ne sunansa da kalmomin aiki: zo, zauna, fita, bari.

Kalma ce ko murya?

Mutane da dama kan ce kare ba ya jin kalma, amon murya kawai yake bi. Wai ko zaginsa ka yi da murya mai laushi zai kaɗa maka wutsiya. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. A 2016 Attila Andics na wannan jami'a ta Budapest ya horar da karnuka 13 su kwanta shiru cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ba ɗauri, ba maganin barci, wanda ya gaji yana iya tashi. Aka sa musu muryar mai horar da su tana magana iri huɗu: kalmar yabo da muryar yabo, kalmar yabo da murya lami, kalmar da ba ta da ma'ana ga kare da muryar yabo, sai kuma ita ɗin da murya lami.

Hoton ya nuna ƙwaƙwalwar kare tana sarrafa kalmar dabam, amon muryar dabam, sannan ta haɗa su. Sashen da ke motsawa idan dabba ta sami abin da take so, kamar abinci ko shafa, ya fi motsawa ne lokacin da kalmar yabo ta zo da muryar yabo. Murya mai daɗi ita kaɗai ba ta kai haka ba, kalmar ita kaɗai ma ba ta kai ba. Ke nan kare yana sauraron abin da aka faɗa, yana kuma sauraron yadda aka faɗe shi.

Amma saurarensa yana da iyaka. A 2020 Lilla Magyari ta manna wa karnuka 'yan wayoyin auna motsin ƙwaƙwalwa a ka, ta sa musu kalmomin umarnin da suka sani, da wasu na ƙarya da aka sauya wa sauti guda ɗaya, da wasu na ƙarya da ba su yi kama da na gaskiya ba sam. Ƙwaƙwalwarsu ta bambance na gaskiya da waɗanda ba su yi kama ba, amma waɗanda aka sauya wa sauti ɗaya sun wuce mata kamar na gaskiya. Ɗan Adam kuwa da irin wannan ƙaramin bambancin yake gina dubban kalmomi. Wanda ba ya kula da sauti ɗaya-ɗaya ba zai tara kalmomi masu yawa ba, kuma wannan na cikin dalilan da ake ganin sun sa yawancin karnuka ke tsayawa a 'yan kalmomi kaɗan.

Sannan darasin Hans bai tsufa ba. A birnin Napoli na Italiya, Biagio D'Aniello ya gwada karnukan ceton mutane a ruwa, waɗanda suka san umarni da baki da kuma da hannu. Da aka sa baki ya ce abu kaza, hannu ya nuna wani abu dabam, galibinsu hannun suka bi. Kare ya shafe aƙalla shekara 14,000 tare da mutum, domin a kusa da birnin Bon na Jamus an tono kabari mai wannan daɗewa da aka binne kare da mutane a cikinsa, kuma a tsawon wannan zaman idonsa ya koyi jikinmu fiye da yadda kunnensa ya koyi bakinmu.

Daga Meziko zuwa Hangari

Tambayar ko dabba tana bambance harshe da harshe ta sami amsa ne sanadiyyar ƙaura. Laura Cuaya, masaniyar ƙwaƙwalwa 'yar ƙasar Meziko, ta koma Budapest da aiki tare da karenta Kun-kun, wanda tun tasowarsa Sifaniyanci kawai ake yi masa. Sai ta fara tunanin ko karen ya lura cewa mutanen wannan gari wani yare suke yi.

Ita da abokan aikinta suka tara karnuka 18. Biyu, ciki har da Kun-kun, Sifaniyanci suka saba ji, 16 kuma harshen Hangari. Aka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka kunna musu karatun wani littafin labari na yara a harsunan biyu, da muryoyin matan da karnukan ba su taɓa ji ba. Wannan yana da muhimmanci: ba muryar mai gida ba ce, kuma ba kalmomin umarni ba ne, karatu ne zalla wanda babu ruwan kare da shi. Aka kuma kunna musu wannan karatun bayan an daddatsa shi da kwamfuta an cakuɗa, yadda sautin na mutum ne amma ba magana ba ce.

Sakamakon da aka buga a farkon 2022 ya nuna abu biyu. Wani sashe na ƙwaƙwalwar da ke karɓar sauti ya bambance magana da cakuɗaɗɗen sauti, ko da wane harshe aka yi ta. Wani sashen kuma ya bambance harshen da karen ya saba da shi da baƙon harshe. Kuma tsofaffin karnuka sun fi ƙanana nuna wannan bambanci, alamar cewa abin koyo ne na yau da gobe, ba gado ba.

To, me suka ji? Ba ma'anar labarin ba. Kowane harshe yana da takensa. Mutanen Hangari kan danna gaɓar farko ta kowace kalma, Sifaniyanci kuma ya fi danna ta kusa da ƙarshe. Sautukan da ke yawaita a wannan ba su ne ke yawaita a wancan ba. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san wannan a aikace: kana iya jin mutum biyu suna ciniki a bayanka ka ce wannan Yarabanci ne, wancan kuma harshen Ibo, alhali ko gaisuwa ba ka iya ba a cikinsu. Kunnenka ya haddace hawa da saukar muryar ne kawai. Matakin da karnukan Budapest suka taka ke nan, kuma tsakaninsa da fahimtar zance akwai tafiya mai nisa.

Wannan baiwa ma ba ta kare kaɗai ba ce. A shekarar 2000 Franck Ramus da abokan aikinsa sun nuna cewa jarirai sababbin haihuwa, da wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka, suna bambance harshen Holan da na Japan, amma idan aka juya maganar ta koma daga ƙarshe zuwa farko sai su kasa. Bayan 'yan shekaru masana a Basalona ta ƙasar Sifen suka sami irin wannan ga ɓeraye. Misalin da ya fi ban mamaki daga Afirka yake. A dajin Amboseli na Kenya, mazajen Masai makiyaya kan yi arangama da giwaye a kan ruwa da makiyaya, har su soke su da mashi, su kuwa Kamba manoma ne da ba su cika taɓa giwa ba. Karen McComb ta Jami'ar Sussex ta kunna wa garkunan giwaye jimla ɗaya a harsunan biyu. A rahotonta na 2014, giwayen sun fi cure wuri ɗaya suna shinshinar iska idan suka ji namijin Masai. Muryar mace ko ta yaro daga Masai ɗin ba ta tsorata su haka ba. Giwa ba ta san abin da aka ce ba, amma ta san bakin da mashi ke biyo bayansa.

Wannan riƙon sauti da dabba ke yi ya kuma warware wani abin da kan ɗaure wa mutane kai. 'Yan sanda a Amurka kan sayo horarrun karnuka daga Jamus ko Holan, su ci gaba da ba su umarni da harshen ƙasar da aka horar da su. Ba don karen Bajamushe ba ne. Sautin da aka haɗa masa da aiki tun yana ƙarami shi ya sani, kuma ya fi sauƙi ɗan sanda ya haddace 'yan kalmomi da a sake wa kare karatu. Da za a kawo irin wannan kare Kano ko Zinder, sai an bi shi da haƙuri an haɗa masa kowane aiki da kalmar Hausa, sannan zai amsa.

Kyanwa ta ji, ba ta dai ga dama ba

A gidajenmu kare na waje ne, na gadi ko na farauta. Kyanwa ce ke shiga har ƙuryar ɗaki. Ita ma tsohuwar abokiyar zama ce, don a tsibirin Kubrus an sami kabarin mutum da kyanwa a gefensa mai shekara kusan 9,500. Sai dai gwada ta ya fi gwada kare wuya, domin ba ta ɗauko abu don ta faranta wa kowa rai.

Atsuko Saito, masaniya a Tokiyo, ta samo hanya. A kunna wa kyanwa kalmomi huɗu a jere masu tsawo da amo irin na sunanta. Da farko za ta motsa kunne, a hankali ta gaji ta daina kulawa. Sai a biyo da sunanta. A binciken da ta buga a 2019 kan kyanwoyi 78, da yawansu sun sake motsa kunne ko juya kai da jin sunan, ko da baƙo ne ya kira. Waɗanda ke zaune a shagunan shan shayin nan na Japan da ake tara kyanwoyi don baƙi su yi wasa da su kuwa, ba su bambance sunansu da na abokan zamansu ba, domin a can duk sunan da aka kira ana iya shafa kowacce. Tun a 2013 Saito ta nuna cewa kyanwa tana gane muryar mai ita cikin muryoyin baƙi, amma amsarta kunne ne da kai, ba tasowa ba.

A 2022 aka ƙara gano abu biyu. A Japan, Saho Takagi ta kira sunan wata kyanwar gida sannan ta nuna hoton wata dabam a allo, sai kyanwoyin da ke kallo suka daɗe suna duban hoton, kamar sun san ba ita aka kira ba. A Faransa kuma Charlotte de Mouzon ta gwada kyanwoyi 16, ta ga suna gane lokacin da mai su ke yi musu magana da lokacin da yake yi wa mutum ɗan'uwansa, amma idan baƙo ne ba su damu ba ko da wa yake. Idan ka kira kyanwarka ta yi banza da kai, akwai yiwuwar ta ji sarai.

Aku mai bakin magana

Aku shi ne ya fi ruɗa mutane, domin shi yana mayar da magana. Wannan tsuntsu mai ruwan toka da jar wutsiya ɗan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Nijeriya da Kamaru da Gana, kuma Bahaushe ya daɗe da saninsa. Ba banza ba Abubakar Imam ya ɗora labaran Magana Jari Ce a bakinsa. Yawancin abin da aku ke faɗa kwaikwayo ne. Zai yi sallama, zai yi tari irin na mai gida, zai yi kukan wayar salula, duk ɗaya ne a wurinsa.

Irene Pepperberg ta nuna cewa ana iya wuce nan. A 1977 ta sayi wani aku a shagon dabbobi a Shikago, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Alex ya iya kiran sunayen abubuwa kusan 50, da launi 7, da siffa 5, yana ƙirga abubuwa har 6. A nuna masa abu biyu a tambaye shi me ya bambanta su, ya ce launi ko siffa. Idan babu bambanci ya ce babu. Wannan ya wuce kwaikwayo. Amma ko Alex, bayan horon shekara 30, bai taɓa ba da labarin abin da ya faru jiya ba, bai kuma ƙulla zance irin na yaro ɗan shekara 4 ba.

Iyakar abin

Idan aka tattara, dabbar gida tana ɗaukar abu huɗu daga bakinmu: muryar wanda ta sani, yanayin da muryar ta fito da shi, 'yan kalmomin da aka maimaita mata tare da wani aiki ko wani abu, da kuma taken harshen da ake yi a gidan. Ta haɗa waɗannan da motsin hannu da fuska da lokutan da aka saba yin abu, sai ta yi abin da zai sa a rantse ta ji komai. Makiyayin da ke kiran shanunsa su taso su bi shi, da mafaraucin da karensa ke juyawa da jin kira ɗaya, da waɗannan abubuwa huɗu suke aiki, kuma sun san su tun kafin a ƙera na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Abin da babu shi ne jimla: sharaɗi, da dalili, da jiya, da gobe. Kana iya koya wa kare "fita", amma ba za ka iya gaya masa cewa idan baƙi sun tafi ya dawo ba. Sanin zancen tsuntsaye da na tururuwa mu'ujiza ce da Allah Ya ba Annabi Sulaimanu, kuma da abin kowa ne da bai zama mu'ujiza ba.

Saboda haka mai dabba ya sauƙaƙa wa kansa, ya sauƙaƙa mata. Ka zaɓi kalma ɗaya gajera ga kowane aiki, kowa a gidan ya riƙe ta, kada yau a ce wannan gobe a ce wancan. Ka sa muryarka da hannunka su tafi tare da kalmar. Ka yi yabo ko tsawa a lokacin da abin ke faruwa, domin dogon faɗa bayan awa guda ba ya isar mata da komai sai tsoro. Kuma kada ka doki dabba don ta saɓa wa bayanin da ka yi mata; ba taurin kai ba ne, bayanin ne bai isa gare ta ba. Dabbar gida tana jin mu fiye da yadda masu raina ta ke zato, amma ba ta fahimtar mu kamar yadda masu son ta ke faɗa.